Baƙon Ruwa: Aikin Hutun Wani Ɗalibi a Fadamar Rima

Dogon hutun damina ba ɗaya yake ga ɗaliban jami'a ba. Akwai wanda hutu ke nufin hutu a gare shi, ya koma gida ya miƙe ƙafa, ya ci ya sha, har ranar komawa ta zo ya tarar an tanadar masa kuɗin rajista. Akwai kuma wanda ranar da aka rufe makaranta ita ce ranar da lissafi ke buɗe masa, domin ya san in bai nemo da guminsa ba, zangon karatu mai zuwa sai dai ya ji labarinsa a bakin abokai. Irin waɗannan su ne akan gani a shagunan ɗinki, da rumfunan cajin waya, da gonakin shinkafa, da makarantun kuɗi suna koyar da darasin hutu. Wannan labari na ɗaya daga cikinsu ne, wani saurayi ɗan Birnin Kebbi mai karatun Hausa a aji biyu, wanda neman kuɗin makaranta ya kai shi ga aikin da bai taɓa jin ana yi a ƙasarsu ba, watau rakiyar yara cikin daji.

A daminar 2023 ne abin ya faru. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Mahaifin saurayin tela ne, ɗinkin kuwa sai da salla yake samuwa. Akwai wani kawunsa mai hali wanda ya saba tallafa masa, amma a wannan karo da ya je gaishe shi sai ya samu tambaya maimakon kuɗi. Kawun ya ce masa, "Ɗana, ni fa har yau ban gane ba. Hausar da ka sha a nono, ita ce za a biya kuɗi a koya maka? In ka gama wa za ka yi wa aiki da ita?" Saurayin ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, ya tashi. Ba shi ne ɗalibin Hausa na farko da aka yi wa wannan tambaya ba, kuma a ranar ba shi da amsar da za ta shiga kunnen mai kuɗi.

Ana cikin haka sai wani tsohon malaminsa na sakandare ya aiko masa cewa wata ƙungiya mai horar da matasa za ta kafa sansani na wata guda a bakin fadama, wajen Ambursa, tana kuma neman ɗalibai huɗu masu jini a jika. Tsarin shi ne a riƙa kawo yaran sakandare rukuni-rukuni har sau uku, kowane rukuni ya yi kwana tara. Kwana huɗu na farko a sansani ake yin su, ana koya wa yara kafa tanti, da ƙullin igiya, da girki, da taimakon gaggawa. Sauran biyar kuwa a kan hanya, su taka da ƙafa har Argungu, kowa da jakarsa a baya, inda aka tsara zango nan za su kwana. Ta kwalta, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu bai fi tafiyar awa guda a mota ba. Su kuwa gefen fadama za su bi, suna ratse ta ƙauyuka da tungayen masunta. Abin da za a biya shi zai ɗauke masa fiye da rabin kuɗin rajista. Bai tsaya shawara ba, ya nannaɗe tabarmarsa.

Mai karatu zai so ya san asalin wannan al'ada ta tura yara daji da gangan. Wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya fara tara yara a tsibirin Brownsea a 1907, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo tushe, ta iso Nijeriya a 1915. A 1941 aka buɗe makarantar Outward Bound a ƙasar Wales bisa ra'ayin wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, wanda ya yi imani cewa wahala mai tsari tana gina halin yaro. A kan wannan salo aka kafa cibiyar Man O' War a gaɓar teku a Kamaru a 1951, wadda daga baya ta dawo Nijeriya, har ta yi reshe a duwatsun Shere kusa da Jos. A Amurka kuwa akwai sansanoni irin su Philmont a jihar New Mexico, inda kowace bazara ake ɗaukar ɗalibai aikin rakiyar yara cikin tsaunuka. Amma fa ɗaukar kaya a shiga daji ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Fatake sun yi, almajirai sun yi da allo da buzu, alhazan dā sun taka har Makka ta Chadi da Sudan. Abin da yake sabo shi ne uba ya biya kuɗi domin ɗansa ya sha wuya.

Ita ƙasar da za a ratsa, gulbi ne ubangidanta. Ruwan Rima daga nesa yake tasowa. Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare duk a cikinsa suke zuba, sa'an nan ya gamu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Zamfara da Ka, kafin ya faɗa Kwara. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ba hanya ɗaya yake bi ba. Yakan rarrabu rassa-rassa cikin fadama mai faɗin kilomitoci, ya bar tafkuna da gungaye, watau 'yan tuddan da ruwa ke kewayewa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, aka kuma gina ta Goronyo bayanta, zuwan ruwa ya daina bin sama kaɗai, ya koma yana bin hannun masu buɗe ƙofa. Wanda ya ga ambaliyar 2010, ko ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi, ya san cewa a wannan ƙasa ana iya kwana da taurari a sama a wayi gari ruwa na bakin ƙofa.

Shugaban sansanin tsohon soja ne, mutum mai tsari, mai riƙon amana, wanda agogo ya fi kome girma a idonsa. Ba Bahaushe ba ne, amma ya yi shekaru a barikokin Arewa, yana jin Hausa rangaɗaɗau irin ta bariki da kasuwa. Yara na ce masa Kwamanda. Ban da shi da ɗalibai huɗu da mai dafuwa, sai wani tsoho Bakabe, masunci daga wata tunga ta wajen Alwasa, wanda aka ɗauka domin nuna hanya. Shi ba ya cikin takardar ma'aikata. Kullum yamma ake ƙirga masa kuɗin yini kamar lebura. Siriri ne, ƙafarsa duk faso, kayansa ba su wuce gora da sanda da ɗan bargo ba. Da ya ga yara sun jera da jakunkunan goyo kamar jakunan fatake, kowa da tocila da gidan sauro da takalmi mai igiya, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyan ga ƙaura za su yi?" Kowa Baba yake ce masa, shi kuma yakan kira saurayin Malam Ƙarami.

Aikin saurayin uku ne. Na farko ƙirga. An ba shi takarda mai sunayen yara, ya sa hannu a ƙasanta, kuma sau biyar a yini yakan busa usur ya ƙirga kawuna: da asuba, da tashi, da hutun rana, da sauka, da kwanciya. Na biyu shi ne tafiya a ƙarshen layi ɗauke da akwatin magani, domin kada gajiyayye ya zauna a gindin sabara a wuce shi. Na uku shi ne hira da dare, ya ba yara tarihin wuraren da aka ratsa. Ban da waɗannan akwai ayyukan da ba a rubuta ba, waɗanda su ne suka fi yawa. Shi ke tace ruwa da alif a tafasa kafin a sha. Shi ke fasa bororon ƙafa ya ɗaure. Shi ke dama gishiri da sukari ga wanda cikinsa ya ɓaci, ya zazzage takalma da safe saboda kunama, ya hana yara wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya. Yakan kwanta bayan kowa, ya tashi kafin kowa, sauro kuwa ya mai da shi abincin dare. A mako na farko ya rame har wandonsa ya nemi igiya.

Yaran kansu iri-iri ne. Akwai 'ya'yan ma'aikata da ba su taɓa hura wuta ba, akwai 'ya'yan talakawa da makarantunsu suka biya wa, waɗanda tafiyar ba ta zame musu kome ba sai dai nauyin jaka. A rana ta farko kowa na gudun a ga kasawarsa. A ta biyu sai kuka da neman waya, alhali an karɓe wayoyi tun a sansani. A ta uku kuwa sai ka ga ɗan babban gida ya karɓi tukunya daga hannun ɗan mai faskare ba tare da an ce masa ba. Mutanen ƙauyuka sukan fito su yi kallo. Wata rana a bakin wata rijiya, wata tsohuwa ta tambayi saurayin laifin da yaran suka yi aka kore su daga gari. Da ya ce mata horo ne, iyayensu ma biya suka yi, sai ta dubi jikarta 'yar shekara goma da ta ɗauko dami na itace a kai, ta ce, "To ita wagga wa ka biyan ta?" Saurayin ya rasa abin cewa, sai ya taya yarinyar sauke kaya.

Da yake shi ne a ƙarshen layi, tsohon kuma a farko, ba su cika haɗuwa ba sai an sauka. A nan ne saurayin yakan kai masa shayi, ya zauna da ɗan littafinsa. A aji an koya masa karin harshe, ya san yadda mutanen yamma ke cewa "munka" da "sunka", da yadda "fita" ke zama "hita", balle ma shi kansa da wannan kari ya tashi. Amma ɗan tela ne na cikin gari, bai san harshen ruwa ba. Tsohon ya bambance masa homa da taru da birgi, da mamari mai ƙugiyoyi jere, da undurutu da ake girkewa a mashigar kifi. Ya lissafa masa giwan ruwa da tarwaɗa da ƙurungu da gargaza da yauni, da minjirya mai girgiza wanda ya taɓa ta, da gaiwa wadda ke shiga laka ta yi barcin rani har ruwa ya dawo. Ya nuna masa burugu da bado da kainuwa, da abin da kowanne ke faɗa game da zurfin wurin da ya tsiro. Saurayin ya lura da abu guda: tsohon ba ya ba da kalma ita kaɗai. Kowace da lokacinta, da wurinta, da abin da akan yi in an gan ta, da abin da ba a yi.

Shi ma saurayin yana da abin bayarwa. Daren da aka kwana kusa da Alwasa, ya tara yara ya ba su labarin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a ƙarni na 16 ya kafa Kabi, ya gina Surame. Ya gaya musu yadda rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, da yadda a wannan shekara aka yi wa masu jihadi mummunar ɓarna a nan Alwasa inda suke zaune. Ya ce Kabawa sun mai da Argungu cibiyarsu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato mafi yawan ƙarni na 19, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa babban su, wanda shi ne tushen bikin kamun kifin da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Cikin yaran akwai jikokin ɓangarorin biyu, ga su suna cin tuwo a kwano ɗaya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Malam Ƙarami ya san na tudu. Na ruwa sai a hankali."

Abin da ya fi kome farin jini a tafiyar shi ne kwanan gungu. A rana ta huɗu akan sauka daga tudu a ƙetare wani reshen gulbi da ƙafa, a kwana a wani gungu inda masunta ke da 'yan bukkoki, a gasa kifi, washegari a dawo a miƙe Argungu. Rukuni na farko sun ƙetare ruwa iya ƙwauri. Na biyu sun ƙetare iya gwiwa, suna waƙa. Rukuni na uku, yara 32, sun iso mashigin da hantsi, bayan tsakiyar watan Agusta. An yi kwana uku ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba, rana ta fito tas. Tun jiya aka tura buhunan abinci gungun cikin kwalekwale. A idon kowa ruwan bai fi na wancan karo da kome ba, sai dai ya ɗan yi ja, da 'yar kumfa a gefe, da kainuwa tana wucewa ɗai-ɗai.

Tsohon ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya karyo wani kara, ya yi masa tsaga, ya kafa shi a bakin ruwa. Sa'an nan ya koma gindin wata giyayya ya zauna, ya ciro goro. Kwamanda ya dubi agogo ya ce, "Baba, yaya? Mu shiga?"

Tsohon ya ce, "Ranka shi daɗe, in kun ce a shiga, a shiga. Ɗiyan ga naku na. Sai dai wanga ruwa baƙo na, ba mu gaisa da shi ba tukuna."

Kwamanda ya ce, "Madalla. Baba ya ce a shiga. Kowa ya tuɓe takalmi, jaka a kai!"

Babu kalma ɗaya a maganar tsohon da Kwamanda bai sani ba. Amma saurayin da ya iso daga baya ya ji wani abu dabam. Ya san talaka ba ya ce wa babba a'a a gaban jama'a, balle babban da ke ƙirga masa kuɗin yini. Ya san in Bahaushe ya ce abu naka ne, to ya zare hannunsa daga alhakinsa. Ya kuma ga cewa mutumin da sau biyu yana riga kowa shiga ruwa, yau ko wandonsa bai naɗe ba. Ya durƙusa kusa da shi ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, don Allah, da jikokinka ne, ka kai su gungun nan yau?"

Tsohon ya ce, "Ɗana, ko akuyata ba ni kai ta. An yi ruwa gabas, kwana biyu ko ukku da sunka wuce. Wanga kai nai na, gangar jikin tana tahe. Shiga ba ta da wuya. Hita ta aiki."

Saurayin ya tashi, gabansa na faɗuwa, domin ya san rabin kuɗinsa na hannun mutumin da zai je ya tsayar. Ya ja Kwamanda gefe inda yara ba za su ji ba, ya ce, "Yallaɓai, a gafarce ni. Baba cewa ya yi kada a shiga."

"Ni ma ina jin Hausa. Ban ji ya ce haka ba."

"Haka ya ce, yallaɓai, da irin Hausar da ƙarami ke yi wa babba magana."

Ran Kwamanda ya ɓaci. Ya ce abinci na can, iyaye sun biya, cikin yaran akwai 'ya'yan waɗanda ake sa ran za su ɗauki nauyin sansanin baɗi, kuma sau biyu ana ƙetarewa lafiya. Ya ƙara da cewa, "Kai an ɗauke ka ka ƙirga yara ne, ba ka ba da oda ba."

Saurayin ya ce, "Gaskiya ne, yallaɓai. Ƙirgar ce ta sa na yi magana. Hannuna ne a ƙasan takardar nan, kuma cikin 32 ɗin nan shida ne kawai suka iya iyo. Ga kara can Baba ya kafa. A ba shi zuwa la'asar. In ruwa bai taɓa tsagar ba, ni zan fara shiga."

Kwamanda ya yi shiru. Soja ne, kuma soja yana girmama abin da za a iya aunawa. Ya busa usur ya ce a mai da takalma, a nemi inuwa. Aka yi azahar kara na tsaye, tsaga na sama da ruwa da kamar yatsa uku. Yara suka fara gunaguni, waɗansu na harara, har sauran ɗalibai ma'aikata suka riƙa ce wa saurayin ya jawo wa kowa kwanan yunwa. Kafin a kira la'asar ruwa ya shafe tsagar. Kwamanda ya je ya duba da kansa, ya dawo bai ce wa kowa kome ba, ya ba da umarni a koma tudu a kafa tanti. A daren nan garin rogo da ƙuli-ƙuli aka ci, sama kuwa cike da taurari. Da gari ya waye babu kara babu alamarsa, burugun bakin gaɓa sai kawunansa ake gani. Da rana masunta suka kawo buhunan abinci cikin kwalekwale, tare da nasu tarkacen, domin su ma sun fara kwashewa zuwa tudu kamar yadda suka saba kowace shekara. Da aka dafa shayi, Kwamanda ya ɗauki kofin farko ya kai wa tsohon da hannunsa. Iyakar abin da aka yi ke nan na ban-haƙuri, kuma tsohon ya fahimta.

Ba wanda zai rantse cewa da an shiga da an yi asarar rai. Watakila da masunta sun yi ta jigilar yara har su ƙare lafiya. Amma wanda ya tuna jirgin ruwan da ya nutse da ɗimbin mutane a Kwara wajen Warra a watan Mayun 2021, ya san abin da kwalekwale da lodi da firgici ke haifarwa. Abin lura a nan shi ne inda sanin ya fito da yadda ya kusa salwanta. Sanin yana wurin mutumin da ba ya cikin takarda. Ikon yana wurin mutumin da ke da takarda da agogo. Dukansu biyu mutanen kirki ne, dukansu da Hausa suke magana, amma da ba a sami na uku a tsakani ba, da maganar ta faɗi ƙasa. Hausawa na cewa Hausa ba dabo ba ce, kuma gaskiya ne, sai dai tana da ma'auni. Akwai abin da kalma ke nufi a ƙamus, akwai kuma nauyin da mai magana ya ɗora mata gwargwadon matsayinsa da na wanda yake gaya wa. Irin wannan giɓi yana nan a asibiti tsakanin likita da majinyaci, yana nan a kotu, yana nan duk inda jami'in gona ko na ruwa ya tara manoma ya tambaye su ko sun yarda, suka ce masa "yadda kuka gani". Ga amsar tambayar kawu, ko da yake saurayin bai koma ya ba shi ita ba.

An isa Argungu da jinkirin yini guda. Aka kai yara Matan Fada suka ga inda dubban masunta ke rugawa da homa da gora ranar biki, aka kai su gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mai da ma'ajiyar kayan tarihi a 1958. A ƙofar gidan aka raba takardun shaida, aka kira sunayen ɗalibai huɗu aka tafa musu. Ba a kira tsohon ba, shi ma bai jira ba. Ya karɓi kuɗin yininsa ya nufi tasha, wai yana da mamari a ruwa. An biya saurayin kuɗinsa cif, ya cika da abin da mahaifiyarsa ta samu na adashi, ya yi rajista.

Ƙungiyar ba ta sake shirya wannan tafiya ba. Tsadar rayuwa ta hana a shekarar da ta biyo, sa'an nan harin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024 ya sa ba uban da zai yarda ɗansa ya kwana a dajin wannan yanki. Shi kuwa saurayin sau uku yana komawa tungar tsohon da goro da sukari, ya kuma sa kalmomin su na Kabawa su zama batun kundinsa na kammala digiri. A zuwansa na ƙarshe ya tarar idon tsohon ya fara hazo. 'Ya'yansa biyu sun bar su, ɗaya na kabu-kabu a Argungu, ɗaya na noman rani da injin ban-ruwa, ba kuwa mai zargin su, domin kifi ya ragu, baki kuma ya ƙaru. Jikokinsa sun san sunan giwan ruwa, amma ba su san launin ruwan da ya kwana biyu a hanya ba.

Saboda haka ɗalibin da hutu ya kama shi ba shi da abin yi, ko wanda neman kuɗi ya jefa shi gona ko kasuwa ko bakin gulbi, ya tafi da ɗan littafi a aljihu. Ya zauna kusa da wanda ba a kiran sunansa ranar raba takarda, ya kai masa shayi, ya yi tambaya, ya kuma jira amsa ko da za ta kai la'asar. In ya zo rubutawa, ya nemi izninsa ya sa sunansa da na tungarsa a shafin farko. Allah ya ja kwanan irin waɗannan tsofaffi, ya kawo zaman lafiya a fadamar Rima da kewayenta, amin.